Yadda Banɗaki Ya Hau Taya

Da hantsin Lahadi, a bakin ƙofar fita daga sansanin masu yawon shaƙatawa a Amurka, za a ga motoci sun yi layi, kowace tana jan ɗaki mai taya a bayanta. Abin da suke jira wani rami ne mai murfi a tsakiyar daɓen siminti. Wanda layi ya zo kansa zai sa safar hannu ta roba, ya zaro tiyo mai kaurin inci 3, ya ɗaura baki ɗaya a gindin ɗakin, ya cusa ɗayan cikin ramin, ya ja hannun bawul ɗin tankin najasa. In ya ji ƙarar ta lafa sai ya rufe, ya buɗe na ruwan wanka da wanke-wanke don kumfar sabulu ta ɗauraye tiyon. Aikin na 'yan mintoci ne, amma an yi shekaru da dama ana fafutuka kafin a kai gare shi.

Masan tangaran na gida ya dogara da abu biyu. Na farko lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa ta tare wari, dabarar da wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, ya yi wa rajista a 1775. Na biyu magudanar ƙarƙashin ƙasa ko sokawe. Gidan tafi-da-gidanka ba shi da ko ɗaya. Ruwan lanƙwasa fantsama zai yi a gargadar hanya, sannan kowace lita ta ruwa kilo guda ce da mota za ta ja.

Waɗanda suka fara wannan yawo ba su damu kansu da tambayar ba. A 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki mai taya a Bristol ta Ingila, ya raɗa masa suna Wanderer, dawaki 2 ke jansa. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan ɗaki a Birtaniya, a 1919 kuma masu yawo da mota suka kafa tasu a Tampa ta jihar Florida, mai suna Tin Can Tourists. Fo da bokiti da shebur da bayan shinge su ne makewayin yawancinsu. Da abin ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1930, har iyalai suka tare a ɗakunan dungurungum saboda tsananin talauci na lokacin, garuruwa da yawa suka kafa dokokin taƙaita zamansu, kuma ƙazanta na kan gaba cikin hujjojin da aka kawo.

A Ingila, magani aka fara nema wa warin. Kamfanin Elsan, wanda aka kafa a Landan a 1924, ya fito da bokitin ƙarfe mai mazauni da murfi, ana zuba masa ruwan magani mai formaldehyde, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ya danne ɗoyi. A Yaƙin Duniya na Biyu wannan bokiti ya shiga ramukan fakewa daga bama-bamai, ya shiga jiragen yaƙi na Lancaster, inda matuƙa suka tsane shi saboda yadda yake fallatsa in jirgi ya karkata. Sunan dai ya zauna daram: har yau a sansanoni da bakin magudanan jiragen ruwa na Birtaniya, wurin juye najasa da sunan Elsan ake kiransa.

Amurkawa wata hanya suka bi. Ɗakunansu manya ne, hanyoyinsu dogaye. Bayan yaƙi an soma sa masai irin na gida a wasu ɗakunan, amma ba ya aiki sai an jona shi da bututun sansani. In an sauka a daji, sai a haƙa ɗan rami a ƙarƙashin mafitar bututu, a binne kafin a tashi. Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream mai ɗakunan alminiyum masu ƙyalli, yana son masu sayen kayansa su je inda babu sansani sam. Shi ne ya jagoranci ayarin ɗakuna 41 da suka tashi daga Cape Town a 1959, suka bi ta Habasha, suka nufi Alƙahira. A ƙarshen shekarun 1950 ɗin ne kamfanoni, har da nasa, suka soma ƙera ɗaki mai ɗauke da ruwansa da batirinsa da tankin najasarsa a ƙarƙashin daɓe.

Tanki ya samu, saura masan da ya dace da shi. A 1963 Frank Sargent da 'ya'yansa suka kafa kamfanin Thetford a jihar Mishigan, kuma samfurinsu na Aqua-Magic ya yi fice: masan roba mara nauyi da ke zaune kai tsaye a kan tanki. A gindin kwanonsa akwai wata 'yar ƙofa da ke zamewa in an taka feda, komai ya faɗa ƙasa, ta koma ta rufe, ruwa kaɗan ya tsaya a kanta. Kusan rabin lita ya isa kora ɗaya, alhali masan gida na zamani a Amurka lita 6 yake sha. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya fito da Porta Potti, wanda ake ɗauka da hannu. A Turai, inda ɗakunan ƙanana ne, a shekarun 1980 aka koma ga ƙaramin tanki mai cin lita 17 zuwa 19, wanda ake zarowa ta wata ƙofa a waje kamar akwatin tafiya, a kai shi wurin juyewa.

Daga wannan ƙira ne duk ɗawainiyar kulawa ta samo asali. Aikin da lanƙwasar Cumming ke yi a gida, a nan zoben roba ɗaya ne ke yinsa, wanda ke zagaye da 'yar ƙofar nan. Masu ɗakunan suna da gwaji mai sauƙi: a zuba ruwa a kwano da dare, a duba da safe. In ruwan na nan, robar lafiya lau. In ya tsiyaye, to ko ta bushe, ko gishirin ruwa ya daskare a kanta, ko wani guntun takarda ya maƙale, kuma ta inda ruwa ya bi ya sauka ta nan wari zai hau. Sau da yawa gogewa da tsohon buroshi da shafa giris na silikon sun wadatar. In ta tsage, sai sabuwa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne barin bawul ɗin tankin najasa a buɗe in sun jona tiyo a sansani, suna ganin hakan ya fi tsafta. Ruwa sai ya gudu ya bar bahaya da takarda, su taru su bushe su yi dala a ƙarƙashin bututu, har masai ya toshe. Ƙa'idar ita ce a bar tankin a rufe sai ya kai kashi 2 cikin 3, don nauyin ruwa ya kwashe komai lokaci guda. Tun da takarda ce babbar mai toshewa, wanda ya saba tsarki da buta ya rage wa kansa rabin wahalar. Sanyi ma abokin gaba ne: ruwan da ya kwana a ƙaramin bawul na bayan masai, in ya zama ƙanƙara, fasa robar yake yi. Shi ya sa kafin hunturu ake tsiyaye bututun duka a cika su da wani ruwa mai launin hoda da ba ya daskarewa.

Canza masan gaba ɗaya bai kai yadda ake tsoronsa ba. A kwashe tanki a ɗauraye, a kashe famfon ruwa, a taka feda har ruwan bututu ya ƙare, a kwance tiyon da ke baya. Noti 2 ne kawai ke riƙe da yawancinsu a daɓe. In an ɗaga, sai a cusa tsumma a bakin ramin saboda iskar tanki, a kankare tsohuwar robar gindi a sa sabuwa, ta roba ko soso, ba zoben kakin zuma da ake sa wa masan gida a Amurka ba, don zafi da girgizar hanya na lalata kakin. Kafin a saya ana auna tazarar da ke tsakanin bango da tsakiyar rami, musamman ga masu son komawa kwanon tangaran irin na kamfanin Dometic, wanda ya fi na roba girma da nauyi. Ɗaurin noti kuma a hankali, wannan gefe kaɗan, wancan kaɗan, don in aka matse fiye da kima gindin na iya tsagewa.

Shuɗin ruwan magani mai formaldehyde ma zamaninsa na shuɗewa, kuma hakan daidai ne. Formaldehyde ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwayoyin da ke narkar da najasa a sokawen sansani, ga shi yana iya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga 1 ga Janairun 2022 jihar Kalifoniya ta haramta sayar da maganin tanki mai ɗauke da shi da wasu sinadarai irinsa. Masu ɗakuna da yawa sun koma ga magungunan da ke taimaka wa najasa ta narke da kanta.

Wasu kuma sun cire tankin kacokan. Masan taki na zamani, irin su Air Head da Nature's Head da suka fara karɓuwa a ƙananan jiragen ruwa, suna raba fitsari da bahaya tun daga kwano, don haɗuwarsu ce ke kawo mafi munin ɗoyi. Fitsari ya tafi cikin gora, bahaya ta faɗa cikin ɓawon kwakwa da aka niƙa, a juya da hannun ƙarfe, wata 'yar fanka mai aiki da batir na fitar da danshi ta bututu. Dabarar ta girmi mota: a 1860, shekara 2 bayan ɗoyin kogin Thames ya addabi majalisar dokokin Birtaniya, wani limamin coci a Dorset, Henry Moule, ya yi rajistar masan da ke zubo busasshiyar ƙasa a kan bahaya in an ja hannu. Mai masan taki a yau yana juye gorar fitsari duk kwana 2 ko 3, akwatin bahaya kuma sai bayan makonni, kuma ranar Lahadi yana wuce layin ramin siminti ya hau titi.