Ilimin Malanta a Jami'ar Ahmadu Bello: Asalinsa da Tarihinsa

Ilimin malanta shi ne fannin da ake koya wa mutum yadda zai karantar, da yadda ake tsara manhaja, da yadda ake auna fahimtar ɗalibi, har a kai ga ba shi takardar shaidar da hukuma ta yarda da ita. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962, wannan aiki yana wuyan sassa biyu ne, wato Cibiyar Ilimi da Tsangayar Ilimi, kuma ta hannunsu ake yin difloma ta bayan digiri, wadda aka fi sani da PGDE, da digiri na biyu, da na uku. Amma wanda ke son ya san dalilin kafa waɗannan darajoji, tilas ne ya waiwayi abin da ya gabace su, domin kowace shahada daga cikinsu larura ce ta haife ta, kuma larurar ko yaushe ɗaya ce: makarantu sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan.

Tun kafin zuwan Nasara, ƙasar Hausa ba ta rasa hanyar tantance wanda ya isa ya zauna bisa buzu ya karantar ba. Almajiri yakan lazimci shehinsa shekara da shekaru, ya sauke littafi bayan littafi, na fiƙihu da nahawu da tafsiri da hadisi, har sa'ad da shehin ya gamsu da karatunsa da ladabinsa, sa'an nan ya ba shi ijaza, ya haɗa shi da salsalar malaman da shi ma ya ɗauka daga gare su. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya ambaci shehunan da ya yi karatu a gabansu. A wannan tsari mutum ne ke yi wa mutum shaida, kuma nauyin shaidar gwargwadon nauyin mai bayar da ita ne.

Da boko ya zo, sai shaidar ta tashi daga hannun shehi ta koma hannun hukuma. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma cikin azuzuwanta har da na malamai waɗanda aka koya wa boko don su koyar. Sai dai tushen da ya yi ƙarfi shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, musamman domin horar da malaman da za su riƙe makarantun larduna. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya karantar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a Midil ta Bauci. Haƙiƙa akasarin waɗanda suka karɓi ragamar Arewa bayan haka da alli suka fara cin abinci. Kwalejin ta ƙaura Kaduna a 1938, ta sake ƙaura Zariya a 1949, ita ce ta zama Kwalejin Barewa.

A wancan zamani, malamin da ya nemi abin da ya fi takardar gida sai ya ƙetare. Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, alhali masu Larabci, irin su Malam Abubakar Gumi, aka tura su Bahatur Ruda ta ƙasar Sudan cikin shekarun 1950, inda ake koyar da dabarun karantarwa da harshen Larabci. Waɗannan tafiye-tafiye sun yi albarka, amma 'yan ƙalilan ne suke samunsu, Arewa kuwa tana bukatar dubbai.

Hukumar Ashby, wadda aka naɗa a 1959 ta miƙa rahotonta a 1960, ita ce ta fito da mas'alar fili, ta nuna cewa ƙasar da ke shirin mulkin kai ba za ta dogara da malaman aro ba, kuma tsakanin malamin firamare mai takarda mai daraja ta biyu da mai digirin jami'a akwai babban giɓi da ya wajaba a cike. Daga shawarwarinta aka samu manyan kwalejojin horon malamai masu ba da shahadar NCE bayan karatun shekara uku. Ta Zariya ta fara a 1962, ta Kano ta biyo baya. To, da yake kwaleji ba ta iya zama mai shaidar kanta, sai aka kafa Cibiyar Ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1965, aka ɗora mata kula da manhajar waɗannan kwalejoji, da jarrabawarsu, da shahadarsu, tare da sabunta ilimin malaman da ke bakin aiki. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, ma'aikatun iliminsu suka ci gaba da komawa ga cibiyar, har ta zama igiyar da ta riƙe makarantun Arewa bisa ma'auni guda bayan gwamnatin da ta haɗa su ta gushe. A ganina wannan shi ne mafi girman aikinta, ko da yake ba shi aka fi ambata ba.

Game da manhaja, babban taron ƙasa da aka yi a Ikko a 1969 shi ne ya fara tambayar abin da ya dace yaron Nijeriya ya koya, maimakon abin da aka gada daga Ingila, kuma daga bahasinsa aka tsamo Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4. Cibiyar Zariya, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare cikin shekarun 1970, aka rubuta sababbin littattafan darasi, aka kuma riƙa aika masu horarwa su tarar da malamai a makarantunsu. A irin wannan aiki ne aka gane cewa tsara manhaja fanni ne mai zaman kansa, mai usuli da ƙa'idoji, wanda ya cancanci a yi masa digiri na biyu da na uku, ɗalibi ya yi bincike ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

Sai kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda aka yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 a ajin farko, aka wayi gari da wajen miliyan 3. Aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don karatu daga nesa, kuma ba asiri ba ne cewa yawa ya rinjayi inganci a wannan lokaci. Daga baya hukumar kula da kwalejojin ilimi da aka kafa a 1989 ta karɓi sha'anin NCE, jami'a kuwa ta ƙara mai da himma ga manyan darajoji.

Hikimar diflomar PGDE ita ce amsa wata tsohuwar jayayya, wato ko sanin fanni ya wadatar ga mai koyar da shi. Wanda ya yi digiri a lissafi ko kimiyya ko Larabci, ba tare da ya karanci malanta ba, yakan shafe kimanin shekara guda yana nazarin halayyar yara, da falsafar tarbiyya, da tsarin manhaja, da awon fahimta, sa'an nan a tura shi makaranta ya yi gwajin koyarwa, malaminsa na zaune a bayan aji yana rubuta abin da ya gani. Wannan zama na bayan aji, bilhasali, shi ne abin da ya yi saura na tsohuwar ijaza, domin a nan kaɗai mutum ke ganin mutum yana karantarwa kafin ya sa hannu. Inda aka yi sakaci da shi, saboda yawan ɗalibai ko ƙarancin guzurin masu dubawa, takardar takan fita amma shaidar ta yi rauni.

Mataki na ƙarshe shi ne doka ta 31 ta 1993, wadda ta kafa Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, ta raba digiri da lasisi: jami'a ke ba da digiri, majalisa ke ba da lasisi. Majalisar ta kasa malamai aji huɗu, masu digiri na uku a sama, sai masu na biyu, sai masu na farko, sai masu NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shahadar da manufar ƙasa ta yarda a shiga aji da ita. Tun daga 2017 kuma, sai mai neman rajista ya ci jarrabawar cancanta ta majalisar kafin a rubuta sunansa cikin malamai, ko da kuwa digirinsa na uku ne.