Tarihin Binciken Zafi da Hayayyafar Bairos Mai Cin Bakteriya

Bakteriyofaj wani nau'in bairos ne da ba ya kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake shiga. Frederick Twort ne ya fara lura da shi a Landan a 1915, sannan Félix d'Herelle ya sake gano shi a Cibiyar Pasteur da ke Paris a 1917, shi ne kuma ya raɗa masa suna. Wannan bairos ba ya hayayyafa da kansa. Yakan manne wa bakteriya, ya ɗura mata kayan gadonsa, ya sa ta ƙera masa 'ya'ya, daga bisani ta fashe su bazu. Tunda a cikinta ake aikin duka, abin da zafi ko sanyi ya yi mata ya shafe shi.

A 1939 Emory Ellis da Max Delbrück suka auna wannan tasiri a jami'ar Caltech ta Amurka. Sun zuba bairos ga bakteriyar hanji da ake kira E. coli, suna ɗibar samfuri lokaci bayan lokaci suna ƙirga. A digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin jikin ɗan Adam, bakteriyar kan fashe bayan kimanin minti 30. Da aka rage zafin, sai jiran ya ƙara tsawo, amma yawan 'ya'yan da kowace bakteriya ke saki bai sauya sosai ba, kusan 60.

Daga baya zafi ya zama makamin bincike. A farkon shekarun 1960 Robert Edgar da abokan aikinsa suka tara ire-iren bairos ɗin T4 masu tawaya, waɗanda ke hayayyafa a digiri 25 amma su kasa a digiri 42, domin furotin guda nasu yakan lalace da zafi. Idan aka ɗaga zafin, aiki yakan tsaya cik a inda ake buƙatar wannan furotin, sai a duba da madubin lantarki a ga ko kan bairos ɗin ne ya rasa jela, ko jela ce babu kai. Ta haka aka gano aikin ƙwayoyin gado da dama. A 1962 kuma Raquel Sussman da François Jacob suka bayyana wani nau'in bairos ɗin lambda da ke kwanciya lamo cikin bakteriya a digiri 30, ya farka ya fasa ta a digiri 42. Har yau ana amfani da wannan dabara wajen sa bakteriya ta sarrafa furotin a lokacin da ake so.

Masu sana'ar madara ma lamarin ya taɓa su. A 1935 masu bincike Whitehead da Cox suka nuna a New Zealand cewa bairos ne ke kashe bakteriyar da ke tsinka madarar cuku. An kuma gano cewa wasu nau'o'insa na jure dahuwar digiri 72 na daƙiƙa 15 da ake yi wa madara. Saboda haka masana'antu ke sassauya irin bakteriyar da suke zubawa, suna kuma tsananta tsabtar tukwane da bututu.