Daga sakiya zuwa kafso: tarihin maganin maruru a ƙasar Adar

A wannan ɗan rubutu za mu bi sawun kalma guda, wato *sakiya*. Ma'anarta ita ce huda kumburin da ya nuna da ƙarfe mai zafi domin mugunya ta fita. A garuruwan Adar, irin su Ibohaman da Keita da Buza, wannan aikin wanzami ne tun kafin zuwan Nasara. Bahaushe ya bambanta ƙurji da maruru da gyambo, sai dai bai raɗa wa abin da ke haddasa su suna ba.

Sunan daga Turai ya zo. A 1880 Alexander Ogston, likitan fiɗa a Abadin, ya hango ƙwayoyin cikin mugunya, cure kamar nonon inabi. Daga kalmar Girkanci ta wannan nono aka ƙero *staphylocoque*. A kan wannan ƙwaya ce Fleming ya lura da aikin penisilin a 1928. Ba a kai 1950 ba sai da ta fara gagarar penisilin a asibitocin Ingila. Aka fito da metisilin. A 1961 Patricia Jevons ta ba da labarin irin da ya gagare shi, wanda likitocinmu ke kira SARM.

A Nijar abin ya bi ta kasuwa. Tsarin Bamako na 1987 ya sa majinyaci biyan kuɗin magani, karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 kuma ta tsauwala farashinsa. Sai tallar magani a kan tire ta bunƙasa, ana sayen kafso biyu ko uku gwargwadon aljihu. A lura: *kafso* sunan siffa ne kawai, mai saye bai san ko amokzisilin ba ne ko tetarasikilin. A ganinmu wannan giɓin na harshe yana da hannu cikin matsalar, domin ba a iya yi wa mutum gargaɗi kan abin da ba shi da suna a bakinsa.

Idan SARM ya shiga jini ko ƙashi, sai asibiti da irin su bankomisin ta jijiya, wanda ba a samu a ɗakin shan magani na ƙauye. Amma ga marurun da ya tara mugunya, abin da likitanci ya sa gaba har yanzu shi ne a tsaga a matse, da aska mai tsabta. Ƙwayar magani ƙari ce. Kafso ba ya ratsa mugunyar da ta taru sosai, ko da ƙwayar cutar ba ta gagare shi ba.