Tarihin Takardun Kuɗi na Farko a Katsina da Adana Su

Takardun kuɗi na farko da suka shiga hannun Katsinawa su ne waɗanda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta buga, hukumar da Ingila ta kafa a 1912 domin Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Kafin zuwansu, da wuri ake ciniki, sannan anini da kwabo da sulen azurfa suka biyo baya, har a 1916, sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya kawo ƙarancin azurfa daidai lokacin da cinikin gyaɗa ke bunƙasa a Kano, hukumar ta fitar da takardun sule biyu da sule goma da fam guda.

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, fatake da dillalai masu shigowa birni ta Ƙofar Kaura daga hanyar Kano sun yi ta'ammali da waɗannan takardu, alhali kuwa talakawa ba su sakankance da su ba, domin azurfa ana binne ta a tukunya ta shekara, amma takarda gara na cinta, gobara na lashe ta, damina kuma na ruɓar da ita. Saboda haka duk wanda ya karɓe ta yakan gaggauta rabuwa da ita, wajen biyan haraji ko sayen haja, wannan kuwa yana daga cikin dalilan ƙarancinta a yau.

Masu tara tsofaffin kuɗi sukan duba hoton kwakwar manja da ke fuskar takardar, da rubutun haruffan Larabci da ke bayanta, da shekara da lamba da sa hannun jami'ai.

Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da nasa kuɗin a 1959, naira ta zo a 1973, bankin kuma ya buɗe gidan adana tarihin kuɗi a Abuja a 2009. Haƙiƙa ya wajaba magada da suka tarar da irin waɗannan takardu cikin adakar iyayensu su kiyaye su daga laima da ninkewa, su kuma nuna wa masana, domin hujja ce a kan yadda mu'amalar kakanninmu ta sauya.