Alƙalin da Majalisa ta tsige, ya dawo cikinta da ƙuri'a

A watan Janairun 1993 Alcee Hastings ya yi rantsuwar kama aiki a Majalisar Wakilan Amurka. Da yawa daga cikin waɗanda zai zauna da su a zauren su ne suka kaɗa ƙuri'ar tuhumarsa da cin hanci a 1988, mutum 413 suka amince, 3 kacal suka ƙi.

An haife shi a 1936 a Altamonte Springs ta jihar Fulorida, lokacin da doka ta raba baƙi da fari har a makaranta da gidan abinci. Iyayensa aikatau suke yi a gidajen masu hali. Ya kammala karatun lauya a 1963, ya shiga shari'o'in ƙwato haƙƙin baƙar fata a Fort Lauderdale. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera a jihar.

Shekara biyu da naɗin sai ga magana ta taso. Aka zarge shi da haɗa baki da abokinsa, lauya William Borders, su karɓi dala 150,000 domin sassauta wa wasu 'yan'uwa biyu da kotunsa ta kama da laifi. Wani jami'in FBI ya yi shigar burtu a matsayin ɗaya daga cikinsu, ya nemi shaidar cewa da sanin alƙali ake cinikin. Borders ya ce masa ya duba ɗakin cin abinci na otal ɗin Fontainebleau ranar kaza, ƙarfe kaza. Hastings kuwa ya zo. Shi dai ya ce abokinsa ya zo jira, kuma Borders ciniki ya yi da sunansa ba da saninsa ba. Aka ɗaure Borders, shi kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi a 1983.

Sai dai wankin kotu bai ɗaure hannun Majalisa ba, domin tsigewa ba shari'ar laifi ba ce, tambayarta ita ce ko mutum ya cancanci riƙe amanar kujera. Abin da ya fi yi wa Hastings ciwo, a ganina, shi ne wanda ya jagoranci binciken: John Conyers, baƙar fata ɗan gwagwarmaya irinsa, wanda ya shiga aikin yana zargin wariya ce, ya fito yana cewa a tsige shi. Ranar 20 ga Oktoban 1989 Majalisar Dattawa ta sauke shi da ƙuri'a 69 da 26. Tana da ikon hana shi riƙe muƙamin tarayya har abada, amma ba ta yi ba.

Ta wannan ƙofa ya bi. A 1992 mutanen mazaɓarsa, waɗanda suka san labarin ciki da bai, suka zaɓe shi, kuma ba su sake kayar da shi ba. Tabon dai bai goge ba: a 2006 Nancy Pelosi ta hana shi shugabancin kwamitin leƙen asiri duk da daɗewarsa a ciki. Sau da yawa kuma ƙuri'ar tuhuma ta zo hannunsa shi ma. Ya ƙi ta a kan Bill Clinton a 1998, ya amince da ita a kan Donald Trump a 2019. Ya rasu yana kan kujerarsa ranar 6 ga Afrilun 2021, yana da shekara 84, bai taɓa amsa laifin ba.