Yadda Likitoci Suka Daina Tsoron Ɗinke Jijiyar Yatsa

Galen, likitan nan na Girka, ya yi jinyar 'yan wasan takobi a birnin Pergamum a ƙarni na 2, amma shi ne ya tsorata na bayansa. Ya ɗauka jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi haɗe take da mai kai ji, don haka duk wanda ya soka mata allura zai jawo wa mara lafiya farfaɗiya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ɗinke. Yawancin likitocin Turai dai suka ci gaba da bin Galen har 1752, da Albrecht von Haller ya nuna tsoron ba shi da tushe.

Ko da tsoro ya kau, aikin bai zo da sauƙi ba. A gindin yatsa jijiyoyi biyu ne ke zamewa cikin matsattsen kube guda. In aka ɗinke aka ɗaure hannu, sai su manne, yatsa ya sandare. Sterling Bunnell na Amurka, mai littafin tiyatar hannu na 1944, ya hana ɗinki a wurin, ya ce a dasa wata jijiya daga baya.

Harold Kleinert na Louisville ne ya yi ta maza a 1967. Yana ɗinkewa nan take, ya maƙala roba a farce ya ɗaure ta a wuyan hannu. Mara lafiya ya miƙe yatsa, roba ta lanƙwaso shi. Jijiya na motsi, ɗinki bai kwance ba. Da farko ƙaryata shi aka yi.

'Yan wasa sun ci moriyar wannan. Wanda ya cafki rigar abokin karawa aka fizge, kan yatsansa ya ƙi lanƙwasuwa, yawanci na kusa da ƙaramin, jijiya ce ta ɓalle daga ƙashi. Likitoci Leddy da Packer sun nuna a 1977 cewa in ta janye har tafin hannu, dole a yi tiyata cikin kwana 7 zuwa 10. Gola kuwa da ƙwallo ta doki kan yatsansa ya langaɓe, ɗauri a miƙe na mako 6 zuwa 8 kan wadatar. Yau sikanin kan nuna inda jijiyar da ta ɓalle ta tsaya.

Golan unguwa ko ɗan dambe da yatsansa ya ƙi motsi, kada ya ce targaɗe ne ya miƙa a ja masa. Ya nufi asibitin ƙashi a ranar.