Revolv

Revolv wata ƙaramar na'ura ce ta sarrafa kayan gida ta intanet, wadda wani kamfani da ke birnin Boulder a jihar Colorado ta Amurka ya fitar a 2013. Aikinta shi ne haɗa kan kayan da kamfanoni daban-daban suka ƙera, kamar ƙwan lantarki, makullin ƙofa da na'urar daidaita zafin ɗaki, ta yadda mai gida zai riƙa sarrafa su duka da manhaja guda a wayarsa. A lokacin, farashinta dala 299 ne.

A watan Oktoban 2014 kamfanin Nest, mallakin Google, ya sayi kamfanin da ya ƙera Revolv, nan take kuma aka daina sayar da na'urar. Waɗanda suka riga suka saya sun ci gaba da amfani da ita, har zuwa watan Mayun 2016 da Nest ya kashe manyan kwamfutocin da take dogara da su. Na'urar na nan a jone da wuta, ba abin da ya taɓa ta, amma ko fitila ɗaya ba ta iya kunnawa. Abin da ya fi ɓata wa masu ita rai, kuma da gaskiyarsu, shi ne an sayar musu da ita ne bisa alƙawarin hidima ta dindindin.

Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta binciki lamarin, sannan ta rufe binciken a Yulin 2016, bayan Nest ya amince ya mayar wa masu na'urar cikakken kuɗinsu.